Damin Gindin Rumbu

"Ina gajiya, amarya? Ko ku da kuka sha ƙanƙara ba ku gajiya?"

"Ba gajiya, Baba. Kai ne dai na ga kamar ka ƙara shekara biyu tsakanin jiya da yau."

"Jiranki ya tsofar da ni. Miji na zaune tun hantsi, mata na ɗaki tana shafe-shafe."

"Wane miji? Ni na taɓa ganin lefe?"

"Lefenki akuya ta cinye tun kina rarrafe. Zauna."

Baba Ɗanhausa yana kishingiɗe a tabarma, gindin ɗorawar da ke bayan gidan ɗansa Emmanuel a Sheme. Nan yake wuni tun shekara uku da suka wuce, lokacin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu na bayan Sabuwa, aka ɗauko shi a bayan babur daga shi sai sanda da 'yar jakar fata. Gaba kaɗan da inuwar akwai kunya huɗu na dawa farafara, doguwa, ta kere duk dawar maƙwabta. Shi ya shuka ta da hannunsa, kuma ko jikokinsa bai yarda su ratsa ta ciki ba.

Wadda yake wa tsiyar jikarsa ce, Rifkatu, da ta dawo makon jiya daga Rasha bayan shekara biyar tana karatun kwamfuta. Gobe da sassafe za ta wuce Legas, wurin aikin da ta samu, kuma ba ta san ranar da za ta sake ganin Sheme ba. Yau kaɗai ta rage musu. Yau ɗin kuwa ta yi masa alkawari.

Kafin ta tafi karatu, wata safiya a can ƙauye, ta ajiye kwamfutarta kusa da turmi ta ɗauki muryar kakarta, Iya Ramatu, kusan sa'a guda. Iya ta rasu Rifkatu tana shekara ta biyu a ƙasar mutane, kabarinta na can inda yanzu ba mai iya zuwa. Tun daga ranar da labarin ya iske ta, Rifkatu ba ta iya buɗe muryar ba, ba ta kuma gaya wa kowa tana da ita ba. Sai shekaranjiya, suna cin gyaɗa, maganar ta suɓuce mata. Abin da tsohon ya tambaya kawai shi ne ko na'urar ta kama har da ɗan tarin nan da Ramatu ke yi kafin ta fara magana.

Ta zauna a bakin tabarma ta ɗora kwamfutar a cinya. Hasken rana na zubowa ta tsakanin ganyen ɗorawa, tsabar-tsabar, yana yawo a kan murfin. Wata kurciya na kuka can sama, ba ta gaggawa. Baba ya gyara zama, ya cire hularsa ya kakkaɓe ya mayar, ya juyo da kunnensa na dama, wanda har yanzu yake ɗan ji da shi. Rifkatu ta lura ya sa rigarsa ta zuwa biki.

Ta danna. Allon ya yi haske, tambari ya bayyana, sannan ya ɗauke. Baƙi ƙirin, sai fuskarta da reshen ɗorawa a ciki. Ta jira. Ta kashe ta sake kunnawa. Haka dai.

"Tana gaisuwa ne?" in ji Baba.

"Tana tashi."

"Ni ma haka nake tashi da safe. Sai dai ni in na buɗe ido ba na mayarwa."

Ta sake gwadawa, karo na uku. Kwana biyu ba a kawo wuta a unguwar ba, batirin kuma ya tsufa, cajin da ta yi jiya a Funtua ne kaɗai a cikinsa, kowace kunnawa tana cin rabonta. Ta san muryar ba ta ɓace ba, tana nan ciki, kamar mutum a ɗakin da makullinsa ya karye. A Legas za ta buɗe cikin rabin sa'a. Amma Legas ba gindin ɗorawa ba ce, kuma tsohon da ke gabanta ya haye tamanin, kunnensa guda ya riga ya rufe, na biyun yana bin sawu.

Baba ya ce dama ya faɗa wa Emmanuel tun farko, da kuɗin jirgin nan shanun huɗa aka saya da yanzu sun haihu. Rifkatu ta tuna masa shanun huɗa maza ne. Ya ce nasa ba irin na kowa ba ne, a zamaninsa ya yi wani bijimi da ya haifi tagwaye don tsoronsa. Ta ce ai ta ji labari, shi ne bijimin da ya bi shi har cikin rafi ya bar wandonsa a ƙaya. Ya ce wannan ƙanensa ne, sun yi kama.

"Shekara biyar," ya ce, yana girgiza kai. "An aike ki ki koyo yadda ake tada ƙarfe, kin koyo yadda ake kashe shi. Da nan Faskari aka kai ki wurin mai gyaran rediyo, da ko banza kin dawo da sukundireba."

"Wanda agogonsa ya shekara hamsin bai motsa ba, shi ke maganar tada ƙarfe?"

Baba ya ɗaga hannun hagu ya dubi agogon cikin girmamawa. Farin ƙarfe ne da ya koma ruwan ƙasa, gilashin ya dushe, hannuwansa sun tsaya a ƙarfe huɗu da minti goma tun kafin a haifi uban Rifkatu. Ya ce agogon lafiyarsa lau, ladabi ne ya tsayar da shi. Ranar da Baturen aikin gona ya ɗaura masa shi a gaban jama'a, don ya fi duk manoman ƙasar hankali, agogon ya ga girman lokacin ya ce daga nan ba ya ƙara gaba.

"Wancan karon ka ce gwamna ne ya ba ka."

"Baturen ne ya ɗaura, gwamna ya riƙe mani hannu. Bar zancen agogo. Mi kika yi wa akwatin?"

Ba ta so faɗa ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ce jiya da ta je wani shago a Funtua, inda intanet ke da ƙarfi, ta sabunta manhajar na'urar gaba ɗaya, saboda wurin aikinta sun ce sai da sabuwa. Baba ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma ta ci gaba, yana ji.

Ta shiga neman hanyar da za ta bi da maganar. A can makaranta ta sha bayyana wannan abu da Turanci da Rashanci, ba ta taɓa gwada shi da Hausa ba, sai ta ji kamar tana taka wata hanya da ta sani tun tana ƙarama amma ciyawa ta rufe. Ta ce a cikin irin wannan na'ura akwai wani abu da ake kira kanel. Shi ne kamar maigida. Shi ke fara tashi, shi ya san inda fitila take da inda murya ke fita, ya san halin kowane ƙarfe da ke jikin gidan. Duk lokacin da aka sabunta, sai a kawo sabon maigida, amma ba a korar na da. Ana ajiye shi a wani ɗan ɗaki kusa da ƙofa, ko da sabon zai kasa.

"Gida guda, maigida nawa?"

"Jiya da na jera su, shida na iske."

"Shida. Ai dole ta suma. Ni kaɗai ma kakarki cewa take na yi mata yawa."

Ta ce ɗakin ne ya cika, sabon ya rasa inda zai shimfiɗa tabarma, aikin ya tsaya. Sai ta kira sunayensu, kowanne da lambarsa, ta dubi wanda na'urar ke tafiya a kansa a lokacin, ta share sauran biyar. Wuri ya samu, sabon ya shiga. Yanzu ga shi sabon ya tashi, ya laluba, bai san inda fitilar wannan tsohon gida take ba.

"To a kira na da ɗin mana. Wanda kika bari."

Rifkatu ta sunkuyar da kai. Ta ce nan ne matsalar. Da aikin ya ƙare, ta ga saura guda ɗaya tsoho, ta ga kamar ƙazanta ce a bar shi, tunda ga sabo. Ta rubuta umarnin share shi ma. Lokacin la'asar ta kawo kai, direban motar Sheme yana ta danna oda, don ba mai son bin hanyar nan in rana ta sunkuya. Ta tuna na'urar ta yi mata wata tambaya. Abin da ta amsa ne ba ta tuna ba. Ta rufe ta fito da gudu, ko gwada sabon ba ta yi ba.

Baba Ɗanhausa ya tashi zaune sosai. Ya dube ta kamar yadda ake duban wanda ya zuba gishiri a kunu.

"Kin sallami tsohon maigida tun ba ki ga ko sabon ya iya buɗe ƙofa ba."

"Sabo ne fil, Baba. Dubban masana suka yi shi."

"Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ke wa ya haife ki? Anya ba musanya mana aka yi a asibiti ba?"

"A ɗakin Iya aka haife ni, kana waje kana kuka."

"Hayaƙi ne ya shiga mani ido."

Daga nan ya kama. Ya ce a gidansu, tun tana cikin tsumma, akwai dokar da ko kaza ta sani. In kaka ta yi, za a zuba sabon hatsi a rumbu, ana share shi, ana liƙe tsaga, ana turara shi, amma ba a share shi tas. Ana barin dami guda na tsohon iri a jingine a gindi. Ba a cin shi ko yunwa ta kai ina. Sai an ci sabon an ga bai ɓata ciki ba, an shuka shi an ga ya tsiro, ya yi kai, ya nuna, sannan a taɓa damin gindi, a sa wani a madadinsa. Ya ce shi ya ƙirƙiro wannan doka, yana saurayi, wata rana yana kiwo. Shi ya koya wa Ramatu, da ta zo daga Pauwa ko dami ba ta iya ɗaurewa ba. Daga gidansa dokar ta bazu har Dandume, har Birnin Gwari, har ta kai kunnen Bature, ga shaida nan a hannunsa. Ya ce a shekara sittin ko da wasa bai taɓa kai hannu ga damin gindi ba, ko ɓera ya san in ya zo wurin sai ya yi sallama ya wuce.

Rifkatu ta buɗe baki za ta rama, sai hankalinta ya tafi wani wuri.

Iska ta taso daga wajen gona, farafarar nan ta sunkuya gaba ɗaya ta miƙe, ganyenta na shafar juna. Wani ƙamshi ya zo mata, na busasshen hatsi da toka da tsohuwar ƙasa. Sai ga ta tana 'yar shekara shida. Iya ta riƙe ta a wuyan hannu biyu tana zura ta cikin rumbu, don ita ce ƙarama, ita ke shiga ta miƙo zangarniya. Ƙafafunta na lilo a duhu kafin su taɓa ƙasa. Ciki shiru, da ɗumi, kamar cikin tulu. In ta ɗaga kai sai ta ga sama ta zama faifai guda, shuɗi, da fuskar Iya a tsakiya. Ta tuna ta taɓa kai hannu ga wani dami da ke jingine shi kaɗai, an ɗaure shi da jan ƙyalle. Muryar ta sauko mata daga faifan saman nan, ba faɗa, ba tsawa: wancan ba namu ba ne, na baɗi ne.

A Rasha, cikin watannin da rana ke faɗuwa tun azahar, ta sha mafarkin wannan rumbu. Ba ta taɓa haɗa shi da aikinta ba. Yanzu kuma ta tuna shagon Funtua, da odar direba, da akwatin tambayar da ya fito a allo, shuɗi shi ma. Na'urar tana ce mata wanda za ki share shi ne wanda kike tsaye a kansa, a fasa ko a ci gaba. Ta tuna yatsanta ya tsaya a sama. Ta tuna ta ji wani abu kamar an riƙe mata wuyan hannu. Bayan wannan, sai odar mota.

"Amarya ta yi barci da ido buɗe," in ji Baba. Muryarsa ta sauka. "In ba ya yiwuwa, a bari. Na ji muryar Ramatu shekara hamsin da biyu. Ban ƙoshi ba dai, amma na ji."

Wannan ya fi duk tsiyar da ya yi mata zafi. Ta ce masa ya rufe baki, tsoho da surutu kamar kanari. Akwai wata ƙofar baya. In ana kunnawa aka danne wani maɓalli, na'urar ba ta miƙa wa sabon maigida mulki kai tsaye, sai ta fito da sunayen duk waɗanda ke ɗan ɗakin nan ta ce a zaɓa. In suna ɗaya ya fito, shi ke nan, sai Legas. In biyu ne, da sauran magana.

"Kuma sai yanzu kika tuna da ƙofar?"

"Tun ɗazu na san da ita. Tsoron leƙawa nake."

Baba bai yi mata dariya ba. Ya ce shi ma ranar da aka ɗauko shi daga ƙauye bai waiwaya ba, don kada ya ga abin da zai gani. Sannan ya ce ta danna, in ta kashe shi da jira ita za ta yi takaba.

Ta kunna, ta danne maɓallin, ta riƙe. Allon ya yi baƙi. Kurciyar ta yi kuka sau biyu. Sai fararen rubutu suka fito, 'yan layuka a kan baƙin allo. Ta shiga layi na biyu, inda ake jera su. Na sama sabon ne, mai lamba shida da ɗigo takwas. Ta sauke ido a hankali, kamar mai leƙa rijiya. A ƙarƙashinsa, shi kaɗai, ga tsohon nan, biyar da ɗigo goma sha biyar.

"Nawa?"

"Biyu."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Kira shi, ki ba shi haƙuri."

Ta zaɓe shi. Tambari ya fito, ya tsaya, bai ɗauke ba. Allon ya buɗe da hoton da ta saba gani. Batiri saura kashi tara. Ta nemo wurin da ta shekara uku tana kauce masa. Kafin ta taɓa shi, ta miƙa hannu ta zare 'yar memorin da ke cikin rediyon Baba, wadda yake jin wa'azi da kiɗan garaya a ciki, ta soka a na'urar ta kwafi muryar a ciki. Sannan ta ƙure ƙara, ta matsar da kwamfutar kusa da kunnensa na dama, ta danna.

Da farko ba murya. Sai taɓarya, dum, dum, ba sauri. Zakara ya yi cara can nesa. Guga ya bugi bakin rijiya. Wani jariri na kuka a maƙwabta, wata na lallashinsa. Ƙauyen gaba ɗaya ya fito daga cikin ƙarfen ya zauna tare da su a gindin ɗorawa, da safiyarsa, da awakinsa, ba abin da ya same shi. Taɓarya ta tsaya. Aka yi ɗan tari, sau biyu, gajere.

Baba ya rufe ido.

"An kunna? To ina zan duba?" in ji Iya Ramatu. Wata yarinya, da Rifkatu ta daɗe kafin ta gane ita kanta ce, ta ce ba a duban ko'ina, magana kawai za ta yi. Iya ta ce ita mi ta sani da za ta faɗa wa ƙarfe. Yarinyar ta ce ta ba da labarin rumbu, da damin nan mai jan ƙyalle.

"Wannan ai na uwata ne, daga Pauwa na zo da shi. Kakanki da na iske shi, rumbunsa har ƙasa yake lashewa kamar kare da akushi."

Baba ya buɗe ido ɗaya.

"Shekarar da malaman gona suka kawo gajerar dawa, kowa ya yar da farafara, wai ta cika jinkiri. Ni dai na jingine damina. Ranar kasuwar Dandume ina rafi, kakanki ya zura hannu ya sunkuce shi, ya kai ya musanya da agogo wurin wani ɗan koli. Ya dawo yana tafiya hannu a sama kamar mai ƙurji a hammata. Agogon nan ko kwana bai yi ba ya tsaya."

Rifkatu ta toshe baki da gyale. Kafaɗunta na rawa.

"To gajera ta yi kai da wuri, ruwa bai ɗauke ba, ta yi baƙi ta ruɓe a kan kara. Ga baɗi na zuwa, ba iri. Mutumin naki ya zo ya tsuguna bakin murhu yana susar ƙeya. Na bar shi kwana uku yana zufa. Ran na huɗu na taka turmi, na zaro na biyun daga cikin jinka. Mai miji irin nawa ba ta ajiye ɗaya."

Sai dariyarta, mai ɗan shaƙewa a ƙarshe, ta cika inuwar. Taɓarya ta ci gaba.

Rifkatu ta tsayar da muryar. Ta dubi kakanta. Hawaye na bin tsagar fuskarsa suna shiga gemu, bakinsa kuma ya kasa zama wuri guda.

"Wanga akwati maƙaryaci ne," ya ce.

"Ba muryarta ba ce?"

"Muryar tata ce. Ƙaryar ta akwati ce. Can Rasha aka koya mashi."

"Baturen fa? Da gwamna?"

"Ɗan kolin fari ne sol. Kuma sunansa Gwamna."

Nan dariyar ta ƙwace masa. Ya yi ta har da tari, yana bugun tabarma da tafin hannu, yana share ido da hannun rigar bikin. Ya ce matar nan, tana kwance ma ba ta bar shi ya yi ƙarya cikin kwanciyar hankali ba. Shekara hamsin yana gina labarin agogon nan, daki-daki, ta rushe shi da taɓarya guda.

Yana dariya Rifkatu na aiki, don batirin ya koma kashi huɗu. Ta rubuta wa na'urar umarni cewa wannan tsohon kanel ɗin a ɗaure shi, ko an zo shara nan gaba kada a taɓa shi, kuma shi za a riƙa tasowa da shi har sai ta gyara tsakanin sabon da fitilar. Baba ya tambayi mi take ƙwanƙwasawa. Ta ce jan ƙyalle take ɗaura masa. Daga yau kuma biyu za ta riƙa bari, tunda jinin wani ɗan kasuwar Dandume na yawo a jikinta. Ta zare memorin ta mayar cikin rediyonsa, ta nuna masa inda zai danna. Allon ya dushe ya mutu, ba wanda ya kula.

Baba ya kwance agogon. Fatar wurin fara tas, ba ta ga rana ba tun zamanin gajerar dawa. Ya miƙa mata, ya ce ta ci, ga lefenta, a daina yi masa gori.

"Ba na karɓar kayan sata."

"Kayan musaya ne."

"Da damin wa?"

Ya yi ƙwafa ya mayar da abinsa hannu. Sai ya jawo 'yar jakar fatar nan da ba ta rabuwa da shi, ya daɗe yana lalube, ya fito da wani ƙulli kamar ƙwan kaza, na jan ƙyalle da ya koɗe. Ya ce ranar da aka tashe su, Emmanuel na ihu a hau babur, shi ya koma ɗaki ya taka turmi. Zangarniya uku ya samu a jinka. Su ne kunya huɗun can, shekara uku yana juya su. Ya kamo hannunta ya ɗora ƙullin a tafinta ya naɗe mata yatsu a kai. Ya ce ya san Legas ba gona, ko a gwangwani ne ta shuka, in ta ƙi fitowa ta aiko a gaya masa ya je ya yi mata magana.

Rifkatu ta ji ƙwayoyin suna motsi a cikin ƙyallen.

"Ka ba ni duka. Ta gonar ba ta nuna ba tukuna. In ta ƙi fa?"

Baba Ɗanhausa ya kai hannu ya dafa hularsa, daidai inda wani ɗan tudu yake a cikin naɗin.

"Mai mata irin tawa ba ya ajiye ɗaya," ya ce. Ya koma ya kishingiɗa, ya ɗora rediyon a kan kunnensa na dama. "Danna mata, amarya. Ba ta gama da ni ba."